A Ceci Majalisunmu Tun Masu Labarin Suna Raye

'Yan'uwana maza da mata, mutanen Jega, mutanen Aliero, mutanen Maiyama!

Abu ɗaya nake roƙonku. Yau da dare, in an idar da sallar Isha'i, kada ku wuce ɗaki kai tsaye. Ku tsaya a ƙofar gida. Ku dubi unguwarku da idon wanda ya daɗe bai zo ba. Ina dakalin da kuka buɗe ido kuka tarar dattawa na zama a kai? Ina durumin da ke yi musu inuwa? Ina zauren da baƙo ke sauka ba a tambaye shi ko sisi ba? Ina teburin mai shayin bakin tasha, wanda fitilarsa ke ci har kiran assalatu? Ku ƙirga waɗanda suka rage. Ku ƙirga waɗanda suka tafi. In na biyun sun fi yawa, to da ku nake.

Kowane gari a duniya yana da inda yake taruwa in rana ta yi sanyi. Waɗansu mashaya ce tasu. Waɗansu gidan gahawa. Mu kuwa Allah ya ba mu majalisa. Tabarma, dakali, benci, inuwa, butar shayi, ƙwaryar fura. Ba ƙofa, ba makulli, ba kuɗin shiga. Sallama kawai za ka yi, a matsa maka, ka zauna.

A nan ake jin wance ta sauka lafiya. A nan ake jin wane ya riga mu gidan gaskiya, jana'iza ƙarfe kaza. A nan ake jin nawa buhun albasa ya kwana. A nan ake binciken asalin yaron da ya zo neman aure. A nan ake sasanta maƙwabtan da suka yi saɓani kan iyakar gona, tun maganar ba ta kai gaban alƙali ba. A nan ake zagaya hula a tara wa marar lafiya kuɗin asibiti. A nan ake gane baƙuwar fuska tun ba ta shiga lungu ba, kuma kun san darajar wannan a zamanin da tsaro ya zama abin kwana da tashi. Duk wannan aiki majalisa ke yi mana, kullum, kyauta. Mu kuwa ko sunanta ba mu rubuta ba.

Mutanen Jega, ku kun fi kowa sanin abin da nake faɗa. Garinku garin saukar baƙi ne. Tun wajajen 1820, da Buhari ɗan Malam Abdussalami ya taho da jama'arsa Gimbanawa ya kafa Jega a bakin Gulbin Zamfara, garin ya kama hanyar zama matattarar fatake. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kasuwar Jega ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Ayarin Gwanja na sauka da huhunan goro, madugu a gaba, jakai a jere. Masu tufafi, masu gishiri, masu kanwa, masu dawaki, masu fatu. Har da cinikin bayi, wanda ba abin alfahari ba ne, amma shi ma tarihi ne, a faɗe shi yadda yake.

To, duk wannan jama'a ina suke kwana? Ina suke cin tuwo? Ina ake ƙulla cinikin? A zango. A zauren fatoma. Shi ke sauke baƙo. Shi ke ajiye masa kaya. Shi ke nemo masa mai saye. Shi ke tsaya masa in rigima ta taso. A zaurensa ake jin labarin hanya: ina gulbi ya cika, ina 'yan fashi suka tare, nawa goro ya kai a Salaga. Zauren nan shi ne masauki, shi ne ma'ajiya, shi ne gidan labarai.

Sunayen sarakuna suna nan a rubuce, alhamdu lillahi. Jerin waɗanda suka riƙe sarautar Sarkin Kabin Jega ba zai ɓata ba. Amma sunan fatoman fa? Sunan matar da ta dama wa ayari fura fa? Wane gida ne Yarabawa ke sauka, wane ne na Nufawa, wane ne na Zabarmawa? Wace bishiya ce aka ɗaure wa jakai? Waɗannan suna cikin kan tsofaffi. Tsofaffi kuwa tafiya suke yi. Kowace damina sai mun raka waɗansu.

Da jakai suka ba motoci hanya, zango ya koma tasha. Jega ta zauna a mararraba. Ga hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta biyo Tambuwal da Aliero, ta zarce Maiyama da Koko da Yawuri har Kwantagora. Ga wadda ta karkata Birnin Kabi. Direban da ya kwana yana tuƙi yana son ruwan zafi. Yaron mota yana son burodi. Ɗan kasuwar da ya yi sammako yana son wurin zama. Sai ga teburin mai shayi ya gaji zauren fatoma.

Ku je ku zauna wurin tsohon mai shayi, ku zuba wa hannunsa ido. Gwangwanayen madara a jere kamar an auna da igiya. Burodi a gefe, ƙwai a faranti, buta na huci a kan garwashi. Ya ɗebo ruwan, ya tace da rariya, ya ɗaga kofi sama ya zubo cikin wani, ya mayar, ya sake ɗagawa, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Kumfa ta taso. Ya miƙa. Bai tambaye ka yadda kake so ba, don ya sani. Ya san mai son kauri. Ya san mai shan ruwan bunu. Ya san dattijon da likita ya hana sukari, ko ya roƙa ba zai sa masa ba. A ƙarƙashin teburin akwai wani tsohon littafi da maiƙo ya rine: littafin bashi. Ku buɗe shi, in ya yarda. Za ku ga sunan ɗan makarantar da yau ya zama babban mutum. Za ku ga sunan wanda ya rasu ba a biya ba, mai shayin ya ja layi a kai ya yafe. Wannan littafi tarihin unguwa ne. Kada a kunna wuta da shi!

Ga kuma rediyo. Tun da aka buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, ga Rediyon Kaduna, ga Rima ta Sakkwato, akwatin rediyo ya samu gurbi a tsakiyar majalisa. Mutum goma, rediyo ɗaya. In an fara labarai, kowa ya yi tsit. In an gama, sai muhawara ta ɓarke. Da yawa daga cikin iyayenmu a kan benci suka ji an kashe Sardauna a Janairun 1966. A kan benci suka ji an ba mu jihar Kabi ranar 27 ga Agusta 1991. Ku tambaye su. Za su gaya muku wa ke zaune a dama, wa ke hagu, wa ya fara tashi tsaye.

Ni abin ya ci ni, shi ya sa nake ɗaga murya. Akwai zaure a gidan kakanmu. Ginin ƙasa, rufin azara, sanyi kamar randa ko a tsakiyar bazara. A bakinsa akwai dakali da zama ya goge har yana sheƙi. Wani tsoho, abokin kakan, shi ya fi kowa daɗewa a wurin. Da la'asar zai zo da sandarsa, ya jingine ta a kusurwa ɗaya, kullum kusurwar nan. In na gaishe shi sai ya ce, "Zamna, ɗana. Wanga wuri nan munka iske shi." Ya san wanda ya gina zauren. Ya san baƙin da suka sauka a ciki. Na yi niyyar in zo da rakoda in ɗauki muryarsa. Na ce bari sai bayan Sallah. Bayan Sallah na ce sai an gama girbi. Kafin a kai amfanin gona gida aka aiko mini ya cika. Ba a yi shekara biyu ba aka raba gado, aka sayar da gefen gidan, aka rushe zauren, aka jera shaguna. Yau in na bi ta wurin, ko inda ƙofar take ba na iya nunawa da tabbaci. Hoto ɗaya ba ni da shi. Murya ɗaya ba ni da ita. Kada abin da ya same ni ya same ku.

Mutanen Aliero, ƙasar nan duka ta san albasarku. Ana loda ta a manyan motoci har Legas, har ƙetaren iyaka. Amma sanin albasar fa, a ina yake zaune? Yaushe ake yafa iri, yaushe ake dashe, yaya ake gane wadda za ta jure ajiya da wadda za ta ruɓe, yaya ake shirya rumfar ajiya iska ta ratsa? Kakanninku ba a aji suka koya ba. A gindin bishiya suka koya, a majalisa, daga bakin wanda ya yi asara ya gane kuskurensa. Haka ɗori. Daga nesa ake ɗauko mai karaya a kawo shi Aliero. Zaurukan masu ɗori sun ga mutane iri-iri, sun ji harsuna iri-iri. Wa ya fara? Daga wa ya karɓa? Wa ya miƙa wa? Ku rubuta! Tun 2006 kuna da jami'ar kimiyya da fasaha a ƙofar gidanku. Ɗalibai sun cika gari, kowa da waya a hannu. Ya 'yan makaranta, tsakanin ajinku da majalisar dattawa tafiyar minti nawa ce? Ku taka. Ku durƙusa ku gaida su. Akwai karatun da ba ya cikin laburare.

Mutanen Maiyama, mutanen Andarai, Mungadi, Sambawa da ƙauyukan da ke kewaye, kada ku ce wannan maganar 'yan birni ce. Taku majalisar ta fi kusa da asali. Gindin tsamiyar da ake yanke ranar gayya. Inuwar da Fulani mata ke sauke ƙwaryar nono ran kasuwa. Ramukan dara da yatsu suka haƙa a ƙasa. Tukubar mai tsire da hayaƙinta ke kiran mutane tun daga nesa. Bishiyar nan da kuke gani, wani ya dasa ta, wani ya yi mata shinge, wani ya hana awaki cinye ta. Mai gawayi ba ya buƙatar fiye da yini ɗaya ya kwantar da ita. Ku hana! Ku tsaya a gabanta ku hana!

Bari in kai ku nesa kaɗan, ku ga yadda waɗansu ke yi da nasu. A birnin Landan akwai wata tsohuwar mashaya, Carlton Tavern. An gina ta a farkon shekarun 1920, ta tsira daga ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Afrilun 2015 masu son gina gidajen haya suka sa katafila suka rushe ta ba izini. Mutanen unguwa suka ce ba su yarda ba. Suka yi ta kai ƙara, suka yi ta matsa lamba. Hukuma ta ba da umarni a mayar da ginin yadda yake, bulo bayan bulo. Aka mayar. A 2021 aka sake buɗewa. Kun san abin da ya sa aikin ya yiwu? Kafin a rushe, masu kula da kayan tarihi sun riga sun shiga sun ɗauki hotuna, sun adana siffar ginin. A wata unguwar ta Landan kuma, da aka sa wata mashaya mai suna Ivy House a kasuwa, mutanen wurin suka haɗa kuɗi suka saye ta a 2013, ta zama ta jama'a. Abin da ake sha a can ba namu ba ne, addininmu ya raba mu da shi. Amma ku dubi kishin. Ku dubi yadda suka tsaya wa wurin zamansu. Mu da namu wurin zaman halal ne, ruwan shayi ne da fura da gaisuwa, me zai sa mu fi su sakaci?

Ku dubi Alƙahira. A kasuwar Khan al-Khalili akwai gidan gahawa na Fishawi, ya haura shekara 200 ana zama a cikinsa. Marubucin nan Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya kasance cikin masu zama a wurin. Yau baƙi daga ko'ina suna zuwa su sha shayi a kujerunsa. Ku dubi 'yan'uwanmu na Nijar, a Damagaram da Yamai. Su fada suke ce wa tasu majalisar, suna raɗa mata suna, suna rubuta sunan a bango, kowa ya gani. Ku dubi Argungu, nan kusa da mu. Bikin kamun kifi ya shiga kundin UNESCO a 2016, domin masu shi sun riƙe shi da hannu biyu. Abin da mai shi ya riƙe, duniya na taya shi riƙewa.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce majalisa ai matattarar gulma ce, wurin zaman kashe wando, wurin da ake cin naman mutane. Wata ma ta zama maɓoyar masu shaye-shaye. Gaskiya ne, akwai irin waɗannan, kuma ba na kare su. Amma ku lura da lokacin da majalisa ke lalacewa. Sai dattijo ya daina zama. Sai an raba ta, yara can, manya can, ba mai jin kunyar wani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malamanmu sun karantar da mu cewa zama a bakin hanya yana da haƙƙi: a kame ido, a kame harshe da hannu daga cutar da mai wucewa, a amsa sallama, a yi horo da alheri, a hana ɓarna. Majalisar da ta riƙe wannan makaranta ce. Wadda ta saki, gyara take so. In rijiya ta yi datti yashe ta ake yi. Ku yashe! Dattawa, ku koma ku zauna. Samari, ku matsa musu wuri.

Iyayenmu mata, yayyenmu, ƙannenmu, ban manta da ku ba, kuma ba zan manta ba. Furar da ake sha a majalisa, wa ya daka? Ƙosan safe, masar ran kasuwa, kunun azumi, daga hannun wa suka fito? Akwai gidajen da aka san su da fura tun kaka, ta miƙa wa 'ya, 'ya ta miƙa wa jika. Wannan gidan ma wurin tarihi ne. Kuna da taku majalisar: tsakar gida ran suna, gindin turmi, ɗakin tsohuwa inda yara ke taruwa jin tatsuniya. Namiji ba zai shiga can da waya ba. Ku za ku shiga. Ke ɗalibar kwalejin kiwon lafiya ta Jega, ke malamar Islamiyya, ke amaryar da kika tarar da kakar miji da ranta, ki zauna kusa da ita. Ki ce, "Inna, ba ni labarin gidan nan." Tsohuwa ta san asalin kowa. Ta san auren da ya haɗa unguwa da unguwa. In ta tafi da shi, ba mai dawo mana da shi.

To me za a yi? Ba kuɗin gwamnati muke jira ba. Ba kwamiti daga Abuja muke jira ba. Kayan aikin yana aljihunku.

Ku ɗauki wayar nan da kuke kallon bidiyo da ita. Ku je wurin wanda ya fi kowa daɗewa a majalisar unguwarku. Ku tafi da goro. Ku nemi izininsa tukuna, kada ku ɗauki muryar mutum a ɓoye. In ya yarda, ku fara da faɗin ranar, da sunan gari, da sunan unguwa. Sannan ku tambaya. Wa ya fara zama a nan? Wa ya dasa bishiyar? Wa ya gina dakalin? Su wa ke zama, ina kowa ke zama? Me ake sha, nawa ake saye? Wace rigima aka taɓa kashewa a nan? Wane baƙo ya taɓa sauka?

Dattijo ba lalle ya riƙe lissafin shekara ba, amma yana riƙe da abin da ya faru. Ku taimaka masa. Ku ce: kafin motoci su koma hannun dama ne ko bayan nan? Wannan 1972 ke nan. Kafin a bar fam da sule a kama naira ne? Wannan 1973. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana da rai? Ya rasu a 1988. An riga an raba mu da Sakkwato? Wannan 1991. Kafin ambaliyar da ta cinye shinkafa a 2020? Da haka za ku ɗaure labari a jikin shekara, ya tsaya daram. Kuma kada ku katse shi. In ya karkata ya shiga wani zance, ku bi shi. Sau da yawa a karkatar nan zinariyar take.

Kada ku tsaya kan mutum ɗaya. Ku ji daga bakin biyu, uku. In sun saɓa, ku ajiye duka, kada ku gyara wa kowa magana. In wani ya faɗi abin da zai tona asirin wani gida, ku rufe, amana ce.

Ku ɗauki hoto. Gaba, baya, ciki, rufi, ƙofa. Ku ɗauki dakalin. Ku ɗauki butar. Ku ɗauki allon dara. Ku ɗauki masu zama, kowa a gurbinsa, ku rubuta sunayensu daga dama zuwa hagu. Waya tana faɗawa ruwa, waya tana ɓata, waya ana sacewa. Don haka ku tura wa mutum uku. Ku wanke hoto ɗaya a takarda ku rataye a wurin. Ku sami littafi mai bango mai ƙarfi ku kwafe labarin da hannu, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi muku sauƙi.

Malaman makaranta, ku ba yara aikin gida: kowa ya kawo tarihin majalisar unguwarsu, shafi biyu. Aji ɗaya zai tara muku abin da ba ya cikin kowane littafi. Malaman jami'a, ku karɓi wannan a matsayin bincike, ku buɗe masa ma'ajiya. Akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu. Akwai Gidan Arewa a Kaduna. Ku kai musu kwafi. Ma'aikatan rediyo, ku fito da makirfo daga ɗakin watsa shiri, ku kai shi gindin bishiya.

Masu unguwanni, dagatai, hakimai, ranku shi daɗe, ku ne iyayen ƙasa. Ku sa a ƙirga muku tsofaffin zauruka da majalisu da bishiyoyin zama da ke ƙasarku. Ku sa a rubuta. In an zo faɗaɗa hanya ko gina kwalbati, ku ce a nuna wa mai shayi wani gurbi kusa, kada a watsa masa tebur a bar shi da buta a hannu. In an zo sare bishiyar majalisa, ku ce sai an zo gabanku. Kalmarku ɗaya ta fi ƙafarmu ɗari.

Magada, ku ji tsoron Allah a kan zauren gidanku. Rabon gado haƙƙi ne, ba mai hana ku. Amma ku zauna ku yi shawara tun ba a kira dillali ba. Zaure ɗaki ɗaya ne. Ku yarda a tsakaninku ku bar shi waƙafi, ladan ya isa ga wanda ya gina. In ba yadda za a yi sai an sayar, ku fara yi wa 'yan unguwa tayi. 'Yan unguwa, ku kuma ku buɗe asusu. Mun iya adashi don biki. Mun iya karo-karo don gyaran taransifoma. Za mu iya don zaure.

'Yan Jega da ke Legas, 'yan Aliero da ke Kano da Anaca, 'yan Maiyama da ke Abuja, ku da kuke dawowa da Sallah kuna neman inda za ku zauna ku ji ɗumin gida: wannan wurin ba da kansa yake tsayuwa ba. Ku aiko da kuɗin yaɓe kafin damina. Ku aiko da kuɗin azara. Ku sayi tabarmi. Ku sa a gyara indararo. In kun zo, ku sauka daga mota, ku cire takalmi, ku zauna a ƙasa tare da waɗanda suka rene ku.

Kai mai bashin shayi, je ka biya. Yau. Da bashinka ake sayen madarar gobe. Kai mai shayi, kai mai tsire, ke mai fura, ku koya wa yaro sana'ar, ku gaya masa daga wa kuka karɓa. Kai magini, kada ka bar hannunka ya manta ginin ƙasa. Kai matashi, dasa bishiya a inda kuke zama, ka yi mata shinge, ka ba ta ruwa har ta fi ƙarfin akuya. Ku raɗa wa majalisarku suna. Ku rubuta shi a bango. Ku rubuta shekarar da aka fara zama. In kun zauna, ku kife wayoyin nan na rabin sa'a, ku dubi fuskar juna.

Kada ku ce sai bayan Sallah. Na faɗa, na gani. Kada ku ce sai an gama girbi. Kada ku ce sai an samu babbar kyamara. Kada ku ce wani zai yi. Tsohon nan da ke zaune a ƙofar gidanku yanzu, da sandarsa a jingine, shi ne. Tsohuwar nan da ke kaɗa auduga a ɗaki, ita ce. Yau suna nan. Yau suna iya magana. Yau suna tuna sunaye.

Jega, ku tashi! Aliero, ku tashi! Maiyama, ku tashi! Ku sa wayar a caji tun yanzu. Ku sayi goro na ɗari biyu. In an sallame Isha'i, ku nufi dakalin. Ku yi sallama. Ku durƙusa. Ku miƙa goron da hannu biyu. Ku ce, "Baba, wa ya fara zama a nan?"

Sai ku danna, ku yi shiru.